Ɗumin Soro da Maganin Laima a Tsofaffin Gidajen Gafasa

Duk wanda ya san ƙasar Gaya, wadda tarihi ya nuna cewa daga cikinta maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka sauka gindin Dala neman tama, ya san cewa mutanenta, har da na Gafasa da ke cikin Ajingi a yau, sun daɗe suna fama da abubuwa biyu a ɗakunansu, wato sanyin hunturu na Disamba da Janairu, da laimar damina wadda ke tsananta a watan Agusta. Hikimar magabata kuwa ita ce sun fahimci cewa maganin biyun nan ɗaya ne, domin bangon da ya sha ruwa ba ya riƙe ɗumi, kome yawan itacen da aka ƙona a gindinsa.

Saboda haka tun daga tushe magina ke fara tadbiri. Sukan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, su bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sa'an nan su mulmula tubali su shanya, su ɗora bango mai kauri a ƙasa mai sirancewa a sama, su shimfiɗa azarar giginya wadda gara ba ta cika yi mata illa ba, su rufe da ƙasa. Irin wannan bango yana shan zafin rana da yini, ya riƙa sakinsa sannu a hankali cikin dare, ta yadda mai gida zai sami ɗumi ba da ko anini ba. Wannan ilmi ne ya tsai da Gidan Makama na Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu.

In sanyi ya yi tsanani, uwargida takan kwashi garwashin da ya rage a murhu bayan tuwon dare, ta zuba a kasko, ta yayyafa toka a kai don kada ya ci da sauri, ta ajiye tsakiyar ɗaki. Tsofaffi da masu jego kuwa suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa, inda ake tura kara da kirare. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi illar wuce haddi, gama a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da kwanciya kan gado mai tsananin zafi, tare da wankan jego da yawan shan kunun kanwa. Haka nan gawayin da ake rurawa a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke halaka mai barci.

Game da laima, dogaron magabata yana kan yaɓe na shekara-shekara. Kafin saukar ruwa akan hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo don ya jefa ruwa nesa da bango, a buɗe rariya, a ɗaga dakali a gindin katanga. Akan jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe bango da ita, a kuma yayyafa ruwanta bisa tsakuwa a yi daɓe, mata na bugu da madaɓi har ƙasa ta yi sulɓi. Masu hali sukan yi amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti suka fara yaɗuwa, har daga baya suka kai ƙauyuka. Ba a musun fa'idarsu, amma kwano yana yin sanyi da dare har raɓa ta riƙa ɗiga daga cikinsa, siminti kuma in aka shafa shi a kan bangon ƙasa yakan tsare danshin da ke tasowa daga tushe, bango ya ruɓe ta ciki alhali fuskarsa na nan sumul, sai wata damina ya ɓamɓare gaba ɗaya.

Don haka muna kira ga magidantan Gafasa da suka gaji soron iyaye da kakanni, su yaɓe ƙasa da ƙasa, su gyara indararo da rariya tun da bazara, su bar 'yar taga a buɗe duk daren da suka shigar da wuta, su kuma tura 'ya'yansu wajen sauran tsofaffin magina su koyi wannan sana'a tun suna raye. Allah Ya sa mu dace, amin.