Core i7-4770 da Core i3-12100: tsohon babba da sabon ƙarami

A shagunan kwamfuta na hannu, daga Yamai zuwa Garwa da Njamena, mai saye yakan fara duba ɗan tambarin da ke manne a gaban akwatin. In ya ga i7 sai hankalinsa ya kwanta, in ya ga i3 sai ya ja baya. Amma tambarin matsayin furosesa ne a cikin sa'o'insa na shekara ɗaya, ba ya faɗin shekarun da ke tsakanin wannan da wancan. Kwatanta Core i7-4770 da Core i3-12100, dukkansu na kamfanin Intel, ya isa misali.

Lambar da ke bayan tambarin ita ce ke tona asiri. A 4770, lambar farko tana nufin zubi na 4, wanda ya fito a 2013. A 12100 kuwa lambobi biyun farko ne, wato zubi na 12, kuma wannan furosesa ya shiga kasuwa a watan Janairun 2022. Shi tsohon, shi ne ake samu a cikin injuna irin su Dell OptiPlex 9020 da HP EliteDesk 800 G1, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama, suka ƙare a kasuwannin Afirka.

A takarda kamar 'yan biyu suke. Kowannensu yana da zuciya 4, kowace zuciya tana ɗaukar layin aiki 2, jimla 8. Gudun i7-4770 yana farawa daga gigahaz 3.4 ya kai 3.9, na i3-12100 daga 3.3 ya kai 4.3. Wanda ya tsaya a nan zai ce bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai dai gigahaz yawan bugu ne kawai a cikin daƙiƙa, ba ya nuna yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, kuma a nan ne shekaru tara suka yi aikinsu. An ƙera tsohon da fasahar nanomita 22, sabon da wadda ake kira Intel 7, mai ƙananan sassa sosai. Ma'ajiyar kusa, inda furosesa ke ajiye abin da yake yawan buƙata, ta tashi daga megabait 8 zuwa 12. A gwaje-gwajen da aka saba aunawa da su, irin su Cinebench da PassMark, i3 ɗin yana zarce i7 ɗin da fiye da rabi, ko da zuciya ɗaya aka auna ko da duka huɗun.

Mai buga takardu da Word ko lissafi da Excel ba lallai ya ji wannan tazara ba. Mai haɗa bidiyon biki shi zai ji ta a jikinsa. Sashen hoto na tsohon, HD 4600, bai san sabbin nau'o'in bidiyo irin su VP9 da AV1 ba, don haka nauyin yana faɗawa kan zukatan furosesa, fanka ta riƙa kuka. UHD 730 na sabon yana buɗe su da kansa.

Batun lantarki yana buƙatar lura. An rubuta wa tsohon wat 84, sabon wat 60, amma sabon yana iya hawa har wat 89 in an matsa masa. Ribarsa ita ce yana gama aikin da wuri ya koma hutu, abin da mai aiki da batir da hasken rana zai yaba.

Babbar matsalar tsohon ba ta gudu ba ce. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman furosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama, tare da sashen tsaro na TPM 2.0. Kenan i7-4770 yana waje. Ana iya tilasta masa Windows 11 ta bayan fage, kuma masu gyara suna yi, sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji sabuntawa ba. Ga wanda ke ajiye bayanan abokan ciniki ko yake hada-hadar kuɗi ta intanet, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Linux Mint da Ubuntu suna tafiya lafiya a kansa.

Ba a cire ɗaya a sa ɗaya. Tsohon yana zama a gurbin LGA1150 da RAM na DDR3, iyakarsa gigabait 32. Sabon yana buƙatar gurbin LGA1700 da DDR4 ko DDR5, wato sai an canza uwar allo da RAM gaba ɗaya. Wanda ya riga ya mallaki tsohon inji kuma aljihu bai kai ba, ya fi masa ya sa faifan SSD a madadin mai juyawa, ya kai RAM gigabait 8 ko 16, ya share ƙura, ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da fanka, wanda yakan bushe bayan shekaru.

Mai neman sabon kuma ya duba ƙarshen lambar. Akwai i3-12100F, wanda ya fi araha saboda ba shi da sashen hoto ko kaɗan. In ba a saya masa katin hoto daban ba, allo ba zai nuna komai ba.