Daga Ƙahon Wanzami zuwa Korle Bu

Tun zamanin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango, kafin ma Malam Amadu Futa ya sauka a Nima wajen 1931, babu unguwar Hausawa a Akra, wadda kakanninmu ke kira Ankara, da ba ta da wanzaminta. Idan ciwon kai ya yi wa mutum naci, shi ake aika wa. Ya aske ƙeya, ya tsattsaga da aska, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iska ta tsininsa ya toshe, bayan ɗan lokaci ya ɓamɓare, ya nuna wa majiyyaci gudan jini baƙi ƙirin, ya ce ga mataccen jinin ya fita. In kuwa ciwon ya ƙi, ya haɗo da farfaɗiya ko dushewar gani, sai a ce iska ce, a nufi malam neman rubutu.

Ko da Gwamna Guggisberg ya buɗe asibitin Korle Bu a 1923, har aka kai ga kafa cibiyar gashin ciwon daji a can a 1997, maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe ba ta bar zukata ba, kuma tana ci mini rai ƙwarai, domin ita ke tsare majiyyaci a ɗaka har lokaci ya ƙure.

Amma wanzamin da ya tuhumi jini bai yi nisa da haƙiƙa ba. A 1919 wani masanin Sifaniya, Río Hortega, ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin halitta masu gadi, waɗanda aka sa wa suna mikrogiliya. Daga baya masana suka gane cewa idan mugun dajin ƙwaƙwalwar nan, giliyobilastoma, ya tsiro, yakan kira su, ya kuma jawo 'yan'uwansu daga cikin jini, har su kai sulusin ƙullutun, sa'an nan ya juya ɗabi'arsu, su shiga taya shi shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini, suna kashe wa ƙwayoyin T gwiwa, alhali ƙwayoyin T ɗin su ne dakarun da ya kamata su hallaka shi. Duk wannan ha'inci a bayan ƙashin kai yake aukuwa, inda ƙaho, kome gwanintar mai kafa shi, ba ya kaiwa.