Yadda Ake Hasashen Tafiyar Ƙazanta a Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Ruwan da muke ɗebowa daga rijiya ko burtsatse ba a tsaye yake ba. Yana tsiyaya ne sannu a hankali ta tsakanin yashi da tsakuwa da tsagar duwatsu, daga tudu zuwa gangare. Duk abin da ya narke a cikinsa, walau ƙazantar masai, ko takin zamani, ko fetur da ya yoyo daga tankin gidan mai, tare suke tafiya.

A shekarar 1856 wani injiniya Bafaranshe mai suna Henry Darcy ya nuna cewa gudun ruwa a cikin yashi ya dogara ne ga gangaren ruwan da kuma yadda ƙasar ke ba shi hanya. A kan wannan ƙa'ida aka gina tsarin lissafi na kwamfuta irin su MODFLOW, wanda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984. Masana kan auna zurfin ruwa a rijiyoyin yanki, su duba irin ƙasar da ke wurin, su gwada ruwan, sannan su ba kwamfuta waɗannan bayanai. Da taimakon wasu tsare-tsaren da ke bin sawun guba, sai ta nuna inda ƙazantar ta dosa da lokacin da za ta kai rijiyar gari. Sai dai hasashe ne, kuma ingancinsa bai wuce ingancin awon da aka yi ba.

A kan hanya ƙarfin ƙazantar yakan ragu da kansa. Wata takan tsarmu da ruwa mai tsabta, wata ta maƙale a jikin yumɓu, ƙwayoyin cuta kuwa su mutu idan tafiyar ta yi tsawo. Akwai kuma ƙananan halittu a cikin ƙasa da ke cinye mai. An ga haka a kusa da garin Bemidji na Amurka, inda bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979: binciken shekaru da dama ya nuna cewa waɗannan halittu sun taƙaita yaɗuwar gubar ƙwarai, ko da yake man bai ƙare ba.

Amma ba kowace guba ce ke ruɓewa ba, kuma a nan ne muka ga an fi yin sakaci. Dalma, wadda gubarta ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar dutsen zinariya, ba ta ruɓewa. Haka ma sinadarin kuromiyam da ke cikin ruwan kamfanonin jima. Sinadarin naitiret na masai da taki shi ma yakan daɗe a ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita, musamman saboda jarirai.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya ɗara saman ruwan da mita ɗaya da rabi. A ƙasa mai tsakuwa ko dutse mai tsaga wannan tazara ba lallai ta wadatar ba, domin ruwa na gudu da sauri. Don haka muna jan hankalin dagatai da masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi da su tabbatar an haƙa masai ta gangaren rijiya, a kuma riƙa gwada ruwan da rani da damina.