Magungunan Fitar da Tsakuwar Ƙoda

Idan tsakuwa ta baro ƙoda ta maƙale a siririn bututun da ke kai fitsari zuwa mafitsara, mara lafiya kan yi ta birgima saboda azabar ciwo a kwiɓi. Likita kan fara kwantar da ciwon da diclofenac ko ibuprofen, muddin ƙodar tana aiki lafiya.

Tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba, galibi da kanta take fita. Wadda ta kai milimita 5 zuwa 10 kuwa, musamman in ta sauko kusa da mafitsara, ita ce ake ba mara lafiya tamsulosin dominta, milligiram 0.4 sau ɗaya a rana. Maganin yana sassauta tsokar bututun har tsakuwar ta samu hanya, sai dai yakan jawo jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Binciken SUSPEND da aka yi a Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2015, bai ga amfaninsa a kan dukkan marasa lafiya ba, shi ya sa ake ware shi ga manyan tsakuwoyi.

Ana jira mako huɗu zuwa shida a ga ko tsakuwar za ta fita. Zazzaɓi ko tsayawar fitsari kuwa, maganar asibiti ce nan take.