Bagaruwa da ciwon da ya daina jin magani

Jama'a, kafin kafso ya iso ƙasar Sakkwato, da me ake jinyar rauni? A Danchadi da kewayen Boɗinga amsar tana rataye a kan itace: bagaruwa. A busar da 'ya'yanta, a daka, a barbaɗa wa gyambo ko kaciya. Mai jego kuma a dafa mata ruwanta ta zauna ciki.

Ita ce dai bagaruwar da majema ke jeme fatar jar akuyarmu da ita, fatar da fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali tamu ce. Sirrin jima da na gyambo ɗaya ne. Akwai sinadarin tanin a cikin 'ya'yan, yana kama nama ya ɗaure shi, ya tsotse danshi, ya hana ruɓewa. Wani likitan Turawan mulki, Dalziel, ya bi Arewa yana rubuta sunayen tsirranmu, ya fitar da littafi a 1916. Tun kafin shi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani.

Sai ga fenisilin. Fleming ya gano shi a 1928, kuma a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya ja kunne cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. A 1961 aka ga wani nau'in ƙwayar cutar da ke sa maruru da mugunya, wadda yanzu ake kira MRSA, ta bijire wa sabon magani a Ingila. Mu kuma nan muka mai da "ja da yalo" kamar gyaɗa: a saya guda huɗu a kemis, a sha biyu, a fasa biyu a zuba a ciwo. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019 kaɗai, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon suga da ƙafa ta ƙi warkewa ya san me ake nufi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen: a 2017 masana a Jami'ar Emory ta Amurka, ƙarƙashin Cassandra Quave, sun gwada jajayen 'ya'yan wani itacen Brazil da masu maganin gargajiyar can suka daɗe suna sa wa rauni. Abin mamaki, ruwan bai kashe MRSA ba. Hana ƙwayoyin "magana" da juna ya yi, sai suka kasa haɗa kai su saki guba, fatar ɓerayen gwajin ba ta ɓarke ba.

A lura fa, ɓeraye na ce, ba mutane ba. Kada wani ya karanta wannan ya ajiye maganin likita ya cusa garin da aka shanya a bakin hanya cikin rauni mai zurfi. Wallahi da haka ake rasa ƙafa.

Ni dai a ganina tambayar da aka yi wa itacen Brazil ita ya kamata a yi wa bagaruwa: wane sinadari ne ke aikin, nawa ne ƙimarsa, wane ciwo ne ya fi ƙarfinta? Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar haɗa magunguna, Boɗinga kuwa ba ta kai tafiyar awa guda daga can ba, kuma tsofaffin wanzamai da ungozomomin da suka san yadda ake haɗin suna ta ƙarewa.