Daskararren abinci da girkin gida wajen rage ƙiba

Daskararren abinci shi ne abincin da ake dafawa a masana'anta, a zuba shi cikin faranti daidai cin mutum ɗaya, sannan a daskarar da shi a sayar. Mai saye ɗumamawa kawai zai yi ya ci. A Amurka da ƙasashen Turai, masu neman rage ƙiba da yawa suna amfani da shi a maimakon girkin gida. Ƙiba tana raguwa ne idan kalorin da mutum yake ci bai kai wanda jikinsa yake ƙonawa ba, saboda haka kowace hanya daga cikin biyun tana iya kai mutum ga biyan buƙata. Bambancinsu yana wajen awo, yawan gishiri, ƙoshi da kuma tsada.

Tarihi

Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ne ya ƙirƙiro hanyar daskarar da abinci cikin sauri a shekarun 1920, bayan ya ga yadda mutanen Inuit suke adana kifi a tsananin sanyin Labrador, wanda ke cikin Kanada a yau. An fara sayar da kayansa a shaguna a shekarar 1930. A farkon shekarun 1950 kamfanin Swanson ya fito da cikakken abincin dare mai suna TV Dinner, wanda ya ƙunshi naman talotalo da dankali a cikin farantin alminiyam mai gida-gida. Nau'in da aka yi musamman domin masu rage ƙiba ya biyo baya: kamfanin Stouffer's ya fito da Lean Cuisine a shekarar 1981, sai ConAgra ya kawo Healthy Choice a ƙarshen shekarun 1980.

Amfanin daskararren abinci

Babban amfaninsa shi ne awo. An riga an auna abincin, an rubuta yawan kalorinsa a jikin kwali, kuma babu tukunya a gefe da mutum zai koma ya ƙara. Wannan yana da muhimmanci domin mutane sukan raina yawan abin da suke ci. Wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a shekarar 1992 ya gano cewa mutanen da suka ce sun kasa rage ƙiba duk da ƙarancin ci, abin da suka faɗa ya gaza abin da suka ci da kusan rabi.

Daskarewa ba ta lalata yawancin sinadaran da ke cikin abinci. Kayan lambun da aka daskarar jim kaɗan bayan girbi sukan riƙe bitamin ɗinsu kusan daidai da ɗanyu.

Illolinsa

Matsala ta farko ita ce gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya ci gishiri da ya kai giram 5 a rana, wato sodiyam miligiram 2,000. Faranti ɗaya na daskararren abinci yana iya ɗauke da kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, ko fiye. Wannan abin lura ne ga masu hawan jini da ciwon ƙoda.

Ta biyu ita ce rashin ƙoshi. Farantin yakan yi ƙanƙanta, ganye kuma kaɗan ne a ciki, sai yunwa ta dawo da wuri mutum ya shiga ciye-ciye. Da yawa daga cikin waɗannan abinci suna cikin rukunin abincin da aka sarrafa matuƙa, bisa tsarin NOVA na masanan Jami'ar Sao Paulo a Brazil. A shekarar 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun gwada mutum 20 da aka bari su ci iya son ransu. A makonni biyun da aka ba su abincin da aka sarrafa matuƙa, sun ci ƙarin kalori kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Da aka ba su wanda ba a sarrafa ba, sai suka rage kusan haka.

Girkin gida

Mai girki a gida shi ke da iko da mai, gishiri da sukarin da ke shiga tukunya, kuma yana iya cika rabin faranti da ganye. Yawanci ya fi arha. Sai dai girkin gida ba ya rage ƙiba don kawai a gida aka yi shi. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali na sitaci ko furotin 4 ne. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa, manja ko man zaitun ya kai kalori 120. Miyar da aka kwarara wa mai ba awo, aka ci da malmala biyu, tana iya ninka kalorin farantin masana'anta. Girki kuma yana cin lokaci, kuma a ranar gajiya ne mutum ya fi karya tsarinsa ya sayi soyayyen abinci a waje.

Haɗa hanyoyin biyu

Masana abinci sukan ba da shawarar a haɗa su. Wanda ya sayi daskararren abinci ya duba kwali ya zaɓi mai ƙarancin sodiyam da isasshen furotin, ya ƙara ganye ko 'ya'yan itace a kai. Idan sodiyam kawai aka rubuta, a ninka shi sau biyu da rabi a samu yawan gishirin. Wata hanyar ita ce a yi girki mai yawa sau ɗaya a mako, a raba shi cikin robobi daidai ci ɗaya, a ajiye a firiza.

Kiyaye lafiya

Ana adana daskararren abinci a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, a kuma ɗumama shi har zafin tsakiyarsa ya kai digiri 74. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, hana su yaɗuwa kawai yake yi. A wuraren da wutar lantarki take yawan ɗaukewa, abincin da ya narke ya daɗe a ɗumi yana iya jawo gudawa da amai ko da ya sake daskarewa.