Asalin Allon Ouija da Camfe-camfen da Suka Kewaye Shi

A cikin tsofaffin kayayyakin da masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai suke rububinsu a wuraren gwanjo, akwai wani rukuni da ya keɓanta da mutuwa da makoki, wanda ya ƙunshi hotunan gawarwaki da aka ɗauka kafin a binne su, da sarƙoƙi da zobba da aka saƙa da gashin mamata, da ƙahonnin kwano da aka ce ruhohi suna magana ta cikinsu, da kuma wani allon katako mai ɗauke da haruffa da lambobi da ake kira Ouija, wanda ake furta sunansa kamar "wija". Wannan allo shi ya fi sauran suna, shi kuma ya fi su tara camfi, har akwai mutanen da ba za su yarda ya kwana a gidansu ba. Sai dai tarihinsa ya nuna cewa yawancin tsoron da ake yi masa ya biyo baya ne da nisa, domin ya shafe shekaru sama da tamanin ana sayar da shi a matsayin abin wasan hira kafin a maƙala masa sunan ƙofar shaiɗanu.

Tushen al'amarin yana komawa ne ga ƙauyen Hydesville da ke jihar New York, inda a ƙarshen watan Maris na 1848 wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, Margaret Fox da ƙanwarta Kate, suka ce wani ruhi yana amsa musu tambayoyi ta hanyar ƙwanƙwasa bango da daɓe. Yayarsu Leah, wadda take zaune a birnin Rochester, ita ce ta hango kasuwa a cikin lamarin, kuma a watan Nuwamba na 1849 aka nuna su a wani babban zaure na birnin ga jama'ar da suka biya kuɗin shiga. Daga nan ne aƙidar magana da ruhohin matattu ta bazu, wato imanin cewa mamaci yana nan da hankalinsa a wata duniya, kuma yana iya aiko da saƙo ta bakin wani rayayye da ake kira mai shiga tsakani. Wannan ya sha bamban da bori na ƙasar Hausa, domin iskokin bori ba a ɗaukar su a matsayin iyaye ko 'ya'yan da suka rasu, alhali kuwa abin da Baturen ƙarni na 19 yake nema a teburin kiran ruhi shi ne muryar ɗansa ko matarsa da ya binne.

Zamanin ma ya taimaka. Shekaru huɗu kacal kafin abin da ya faru a Hydesville, a 1844, Samuel Morse ya aika saƙo ta wayar tangarahu daga Washington zuwa Baltimore, saboda haka mutanen da suka ga ana magana da wanda ba a gani ta hanyar ƙwanƙwasa ƙarfe ba su ga abin mamaki sosai ba idan aka ce musu lahira ma tana da tata wayar. Matsalar ita ce jinkiri, domin dole wani ya riƙa karanta haruffa ɗaya bayan ɗaya har sai an ji ƙwanƙwasa a kan harafin da ake nufi, ta yadda jimla ɗaya takan cinye lokaci mai tsawo. Neman hanyar da ta fi sauri shi ya haifar da kayan aikin da ake tarawa a yau. A Faransa, wajen 1853, aka fito da planchette, kalmar da ke nufin ɗan ƙaramin katako, wanda yake da siffar zuciya da ƙananan tayoyi biyu da fensir a bakinsa, ana ɗora masa yatsu ya riƙa rubutu a kan takarda, ko da yake sau da yawa rubutun bai fi tafiyar tsutsa ba.

Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya kashe mutane sama da 600,000, kuma da yawa daga cikinsu an binne su ne nesa da gida ba tare da danginsu sun ga gawa ba, wanda hakan ya bar iyalai da makokin da bai da wurin sauka. Mary Todd Lincoln, matar shugaban ƙasa, ta riƙa halartar zaman kiran ruhi bayan rasuwar ɗanta Willie a 1862. A wannan yanayi ne William Mumler na birnin Boston ya shahara da ɗaukar hotunan da ake ganin inuwar mamaci a bayan wanda ya zauna, dabarar da ake iya cimma ta hanyar haska gilashin hoto ɗaya sau biyu. An gurfanar da shi a New York a 1869 bisa zargin zamba, inda shahararren mai nune-nunen nan P. T. Barnum ya ba da shaida a kansa, amma aka sallame shi, kuma bayan 'yan shekaru ya ɗauki hoton da ya fi kowane nasa suna, na Mary Lincoln da inuwar mijinta da aka kashe tana dafe da kafaɗunta.

A watan Oktoba na 1888 Margaret Fox ta tsaya a gaban dubban mutane a New York ta bayyana cewa ƙwanƙwasar nan ba komai ba ce illa ƙarar gaɓoɓin yatsun ƙafarta, ta kuma cire takalmi ta nuna yadda ake yi. Ta janye maganar bayan shekara ɗaya, ita da Kate kuma suka mutu cikin talauci a 1892 da 1893, Kate ce ta riga ta. Tonon asirin bai rage wa aƙidar kasuwa ba, domin tun a 1886 jaridu suka fara ba da labarin wani allon haruffa da ake amfani da shi a sansanonin masu wannan aƙida a jihar Ohio, wanda fa'idarsa ita ce ba ya bukatar mai shiga tsakani da za a biya ko a zarga.

'Yan kasuwa ne suka mayar da shi haja. A 1890 Charles Kennard da abokansa suka kafa kamfani a Baltimore, kuma a ranar 10 ga Fabrairu, 1891, lauya Elijah Bond ya samu takardar haƙƙin ƙirƙira wadda ta bayyana allon a matsayin abin wasa, ba ta kuma yi bayanin abin da ke motsa shi ba. Tsarinsa bai canza sosai ba tun lokacin: haruffa 26 a jere biyu masu lanƙwasa, lambobi daga 0 zuwa 9, kalmar amincewa da ta ƙi a kusurwoyin sama, kalmar bankwana a ƙasa, sai ɗan manunin da mutane biyu ko fiye suke ɗora wa yatsu. Game da sunan kuwa, an ce allon ne da kansa ya rubuta shi a wani zama da Helen Peters, 'yar uwar matar Bond, ta halarta, kuma aka yi iƙirarin cewa kalmar Misirawan dā ce mai nufin sa'a, abin da ba shi da tushe a harshen. William Fuld, ma'aikacin kamfanin da ya gaje harkar, shi aka fi dangantawa da bayanin da ya fi yaɗuwa, cewa an haɗa kalmar "i" ta Faransanci da ta Jamusanci ne, wato oui da ja. Fuld ya rasu a 1927 bayan ya faɗo daga rufin masana'antarsa yayin da yake duba aikin sauya sandar tuta, mutuwar da masu son labarin ban tsoro ba su daina jingina wa allon ba.

Masana kimiyya sun riga allon zuwa da bayani da kusan shekaru arba'in. A 1852 likitan Ingila William Carpenter ya bayyana cewa tunanin mutum yana iya sa tsokarsa ta yi ɗan motsi ba tare da ya yi niyya ko ya sani ba, kuma a 1853 Michael Faraday ya gwada haka a kan teburan da ake cewa ruhohi ne suke juya su. Ya shimfiɗa kwalaye a jere a ƙarƙashin hannuwan mahalarta, ya haɗa su da wani manuni da ke nuna ko hannu ne ya fara turawa, sai ya zamana da zarar mutanen sun ga manunin teburin ya daina motsi. Wannan bayani ba ya tuhumar kowa da ƙarya, kuma a nan ƙarfin allon yake, domin kowane ɗaya daga cikin masu zaman zai iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa ba shi ya tura ba. Idan aka rufe musu idanu aka juya allon ba su sani ba, abin da ke fitowa shirme ne.

Yaƙin Duniya na Ɗaya da annobar murar 1918 sun sake cika gidaje da makoki, sai kasuwar ta ƙara buɗewa, manyan mutane irin su Arthur Conan Doyle da masanin kimiyya Oliver Lodge suka rungumi aƙidar, yayin da mai dabo Harry Houdini ya duƙufa wajen tona asirin masu shiga tsakani. Cocin Katolika ya haramta wa mabiyansa halartar irin waɗannan zama a 1917, wanda ke nuna cewa adawa ta addini ta daɗe, amma ga akasarin jama'a allon abin hira ne, har ma mai zane Norman Rockwell ya zana saurayi da budurwa suna wasa da shi gwiwa da gwiwa a bangon wata mujalla a 1920. Kamfanin Parker Brothers ya sayi harkar a 1966, kuma a shekarar da ta biyo baya aka sayar da alluna kusan miliyan 2, adadin da ya zarce na wasan Monopoly.

Fim ɗin The Exorcist na 1973, wanda a cikinsa wata yarinya 'yar shekara 12 ta yi wasa da allon ita kaɗai sannan shaiɗan ya shige ta, shi ne ya juya ra'ayin jama'a. Daga nan abokin maganar da ake tsammani a ɗaya ɓangaren ya tashi daga kakar da ta rasu ya koma muguwar halitta, kuma dokokin camfi suka yi ta yawa: kada a yi wasan mutum ɗaya, kada a yi shi a maƙabarta, kada a tashi ba a kai manuni kan kalmar bankwana ba, kada a ƙona allon don wai zai yi ihu. Ana ba da waɗannan dokoki kamar gadon kaka da kakanni, alhali masu kiran ruhi na ƙarni na 19 ba da tsoro suke zama a teburinsu ba, da begen jin ta'aziyya suke zama.

Wannan tsoro na baya-bayan nan shi ne yake ƙara wa tsofaffin allunan Kennard da na Fuld daraja a idon masu saye, ko da yake masu tara su da gaske sun fi duba tambarin kamfani da irin katako da shekarar ƙira fiye da labarin fatalwa. Kabarin Elijah Bond a maƙabartar Green Mount ta Baltimore ya daɗe ba alama, sai a farkon wannan ƙarni masu sha'awar tarihin allon suka kafa masa dutse da aka sassaƙa haruffan Ouija a bayansa. Sunan kuwa yana hannun kamfanin kayan wasa na Hasbro tun 1991, kuma har yau a sashen wasannin yara da iyali ake sayar da allon.